Filin Yatsu Goma

Litinin, da hantsi

Shugabar ofishin su Auta ta kira. Ni na ɗauka, don wayar tana gefen dama na gadon, Auta kuma ba ta kai gare ta da wuri ba. Gaisuwa mai tsawo, ya mai jiki, ya ƙoƙari, duk na san share fage ne. Sai ga maganar: wai kujerar 'yata ba za ta yi ta zama ba kowa ba, za su riƙe mata zuwa ƙarshen wata. Alhamis ta ƙarshe ta zo da kwamfutarta, a kunna mata muryar wani taro, ta buga shi a gabansu kafin azahar. In ta gama, aikinta na nan, har ma ta riƙa yi daga gida. In ba ta gama ba, sai a duba abin da ya dace.

A gwada Auta! Yarinyar da ta yi shekaru tana kwashe musu surutun taronsu tana mayar da shi rubutu, har gyaran muryar da suke yi ta san na waye. Yarinyar da ni na koya wa bugu, ni da na tsufa a kan tafireta tun wannan shugabar tana rarrafe. Na ce mata Allah ya kai mu, na kashe wayar kafin bakina ya jawo mana.

Kwamfutar ce babu. Tata ta dawo mana cikin jakarta ranar da ta ji ciwon, a karye gida biyu. Ban jefar ba, ban kuma sake buɗe jakar ba.

Talata, bayan la'asar

Yayansu ya zo daga wurin aiki da abin da ya iya haɗawa, na ɗora nawa a kai. Ba zai sayi ta kirki ba, sai dai mai sauƙin kuɗi. Wai shi a ganinsa kowacce aka samu a ɗauka, tunda duk haruffa ɗaya ne a jiki.

Ɗan da na haifa ke nan. Mutumin da ke buga saƙo da yatsa guda, harshe a waje, shi zai gaya min kibod duk kibod ne. Na ce to takalmi ma duk takalmi ne, gobe ka saka nawa ka tafi ofis. Ya yi dariya, ya ce shi dai a tambayi mai abin. Na ce mai abin a hannuna ta koya, abin da nake so shi take so.

Auta tana kan kujera tana jin mu, hannun daman da ya ji ciwon yana kan cinyarta a lulluɓe da gefen mayafi. An cire ɗinkin, wurin ya yi kyau ƙwarai. Yatsun za su dawo.

Laraba, da azahar

Na shiga layin masu kwamfuta tun safe, na dawo ƙafafuna kamar ba nawa ba. Allah wadaran masu ƙera abubuwan nan. Wallahi na tabbata ba su taɓa buga shafi guda a rayuwarsu ba.

Wata maɓallanta a shafe suke, ka danna ba ka san ka danna ba. Wata an matse kibiyar sama da ta ƙasa a gurbin maɓalli ɗaya, sai ka ce yatsun jarirai aka auna. Wata kuma, don mugunta, an ajiye maɓallin kashewa dab da na gogewa, ka je share harafi ɗaya ka share aikin yini. Enta kuwa kusan dukansu a kwance take, siririya kamar tsinken sakace. Na tambayi wani mai shago ina ɗan tudun nan da ake yi a kan F da J, wanda yatsa ke lalubawa ya san ya iso gida ba sai ido ya duba ba. Ya kalle ni, ya kalli kibod ɗin, ya ce ai wannan tana da kyamara mai kyau. Na ce ba hoto na zo ɗauka ba.

A shagon ƙarshe, wurin wani mai tabarau da bai cika surutu ba, na samu wadda raina ya kwanta da ita. Tsohon yayi ce, ga nauyi, shi ya sa ta yi araha. Amma kibod ne na gaske: faffaɗa, maɓallai masu zurfi da ke amsawa, Enta a tsaye ƙatuwa, ga gidan lambobi a dama. Na rufe ido na buga layi uku, ko kuskure ɗaya babu. Mai Tabarau ya ce sannu Hajiya, na ce yauwa.

Na ɗauko hotunan duk na kan teburinsa don Auta ta gani.

Laraba, kafin magariba

Ta wuce faffaɗar ko tsayawa ba ta yi ba. Ta tsaya a kan wata 'yar mitsitsiya da ta shigo hoton ta gefe, irin wadda ake saya wa 'yan makaranta. Ta ja hoton ta ƙara masa girma, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Umma, wannan in an buɗe hannu ɗaya zai kai daga A zuwa Enta?"

Na ce ban auna ba, ba kuma zan auna ba. Wannan abin wasan yara ne. Yatsu goma fili suke so, in aka cusa su a wannan akurki sai su yi ta taka juna. Ta ce to. Ita ke nan, to.

Na tsani wannan to ɗin nata. Da can in na faɗi ɗaya sai ta faɗi uku.

Juma'a, da safe

Mun je gashin hannu. Likitar ta sa ta ɗaukar ƙwallon soso, ta tsikare ta nan da can da wani ɗan ƙarfe tana tambaya. Daga baya ta ja ni gefe ta yi wata magana a kan jijiya. Ba zan rubuta ta a nan ba. Yarinya ce ƙarama, ba ta fi sa'ar Auta ba, kuma ita ba Allah ba ce.

Asabar, da la'asar

Na sayo faffaɗar. Yayansu ya ɗauko min ita daga mota yana cewa wannan ai sai da amalanke. Ya tambaye ni ko na sake magana da Auta. Na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ya ajiye a tebur ya ba ni wuri.

Auta ta ce ta gode, Allah ya ƙara buɗi. Ta shafa murfin da hagu.

Litinin, da hantsi

Mun fara. Na ja teburin cin abinci kusa da taga, na sa mata matashi a baya, gwiwar hannu daidai da tebur, yadda na zaunar da ita tana 'yar shekara tara. Hagu ta hau layinta ita kaɗai. Damar ni na ɗauko na ɗora, na jera yatsun ɗaya bayan ɗaya, manuni a kan J. Suna zamewa, ina mayarwa. Ba komai, kowane mai koyo haka yake farawa.

Na ce ta buga J kawai, ba sauri. Kafaɗa ce ke dannawa, ba yatsa ba, sai haruffa huɗu su fito a tare. Na ce a sake. Mun yi har ta ce ta gaji.

Yatsun za su dawo. Abin da ba a motsa shi ba ne yake mutuwa.

Talata, da azahar

Sun zame. Na mayar.

Alhamis, bayan la'asar

Yau raina ya ɓaci ƙwarai. Ina kicin sai na ji bugu daga falo, amma ba irin bugun da na sani ba, wani ɗingishi ne, uku da sauri sai tsayawa. Na leƙo. Ta ture kwamfutar can gefe, ta karkace, hagu na ta tsalle daga wannan bango zuwa wancan, damar tana kan cinya an yi watsi da ita kamar ba a gidan aka haife ta ba. Duk sanda hannun ya ƙetara neman Enta sai wuyan hannun ya shafi wurin linzami, ɗan filin nan da ake shafawa a ƙasan maɓallai, rubutun ya yi tsalle ya faɗa tsakiyar wani layi, ta tsaya nema.

Na ce wannan tsattsagar kaza ce, ba bugu ba. In ta saba da haka ta ɓata hannunta har abada, don mugun sabo ya fi ciwo wuyar fita. Na gyara kwamfutar ta dawo tsakiya, na ɗauko damar na ɗora. Har na ce mata hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Karin magana ne, kowa na faɗa. Ban ga abin tashi a shiga ɗaki a rufe ƙofa ba.

Ba ta ci abincin rana ba.

Asabar, da hantsi

Ashe munafurci ake min a gidana. Yayansu ya zo jiya ina wurin maƙwabciya, ya shiga cikin kwamfutar ya yi mata wani saiti: a danna Shif a saki, ya tsaya yana jiran harafi na gaba, ba sai an riƙe shi da ɗaya hannun ba. Na gane ne da na zauna gwadawa na ga manyan baƙaƙe na fitowa inda ban kira su ba.

Na kira shi na ce ya zo ya cire. Ya ce Umma don Allah, lokaci na tafiya, saura ƙasa da sati biyu. Na ce ni ma ina da kalanda. Wannan sandar dogarawa ce, wanda kuwa ya saba da sanda ba ya ajiye ta. Shi da likitar da shugabar duk sun haɗa baki sun yanke wa hannun nan hukunci, ni kaɗai ce ban yarda ba, to ni ce uwarta. Ya cire yana huci, ya tafi ko shayin bai sha ba.

Ya yi ta fushinsa. Ba shi ya yi goyonta ba.

Litinin, da azahar

Shugabar ta turo saƙon tuni, har da addu'a a ƙarshe. Ta riƙe addu'arta.

Talata, da la'asar

Na kunna mata labarai a rediyo ta bi, don ta saba da bin murya. Mai karantawa ya gama labari uku, ita ba ta fita daga na farko ba. Na ce rediyon ne yake sauri, mutanen yanzu ba su iya karatu a natse ba.

Ƙaramin yatsan ya ɗan motsa yau. Na gani da idona. Ita ta ce teburin ne ya girgiza.

Alhamis, da safe

Ba ta fito ba. Ta ce kanta na ciwo. Na goge kibod ɗin, na rufe shi da kyalle.

Juma'a, bayan la'asar

Ban san ta inda zan fara ba.

Ta fito da kanta ta zauna a teburin, na yi murna. Ashe ba bugu ta zo yi ba. Ta ce za ta kira shugabar ta ce a ba wani kujerar, ba za ta je ta tsaya gaban mutanen da suka san saurinta suna kallonta tana lalube ba. Na ce ba a gidan nan ba. Na ce wahalar da muka sha sati biyu ba za ta tafi a banza ba, saura kaɗan. Na kama hannun zan ɗora kamar kullum.

Ba ta fizge ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Umma, ki daina ɗora min hannun nan."

Na ce in ban ɗora ba wa zai ɗora.

Ta ce, "Ba ya jin maɓallan. Tudun J ɗin da kike cewa in lalubo, ba na jin sa. Yanzu haka da kike riƙe da ni, in ban duba ba ban san kin riƙe ni ba."

Ina riƙe da shi. Da ɗuminsa, da taushinsa, hannun da na sani tun yana kama yatsana ɗaya ya cika shi. Na matsa shi ina kallon fuskarta, na ƙara matsawa har nawa ya yi zafi. Tana kallon taga, ba ta juyo ba.

Na saki na shiga kicin. Na yi kuka kamar raina zai fita, na kunna famfo don kada ta ji.

Asabar, da hantsi

Na ji haushin kowa yau. Likitar da ta faɗa min a tsaye a lungu kamar tana ba ni kwatancen hanya. Yayansu da ya sani ya tsaya yana min saite-saite maimakon ya buɗe baki. Masu ƙera kibod. Wanda ya kira ni a waya ranar da ta ji ciwon, da muryarsa a sanyaye. Har ita Autar, da to ɗinta.

Na roƙe ta kada ta kira shugabar sai Litinin. Ta ce to.

Lahadi, da azahar

Ta kwanta, sai na zauna a kujerarta. Na zaunar da kaina a kan hannuna na dama don kada ya yi min shisshigi, na kunna rediyo.

Tirƙashi. Kibod ɗin da na yi ta yabo, fili ne ba iyaka. Daga A zuwa Enta tafiya ce, sai ka ɗaga hannu gaba ɗaya, ka dawo ka rasa inda ka baro. Maɓallan nan masu zurfi kowanne sai ka bi shi har ƙasa. Gidan lambobin ya tokare komai ya turo haruffa gefe. Alamar tambaya kuwa, Shif da maɓalli a lokaci guda, na murɗe wuyan hannu har ya yi ƙara. Ni da na yi aikin nan tsawon rayuwata ban cika rabin shafi ba kafaɗata ta ɗauki wuta.

A kan wannan na zaunar da ita sati biyu.

Litinin, da la'asar

Na naɗe faffaɗar a kwalinta na koma wurin Mai Tabarau. Tun kafin in sauke ya ce Hajiya kaya in ya fita ya fita, balle an buɗe an yi aiki da shi. Na ja kujerarsa na ce ya jero min duk ƙananan da yake da su.

Na tura damata cikin mayafi, na bi su ɗaya bayan ɗaya da hagu. Duk abin da na zaga ranar Laraba shi nake nema yau. Maɓallai marasa zurfi, taɓawa kaɗan su amsa. Enta ɗin nan kwantacciya, ashe tsawonta ne ke miƙo ta kusa da haruffa, hannu ya same ta bai bar gida ba. Ta 'yan makarantar tana nan ba wanda ya saya. Na ɗora ƙaramin yatsana a kan A na buɗe tafin, babban yatsa ya kusa taɓa Enta. Hannun Auta ya fi nawa tsawo.

Mai Tabarau yana tsaye yana kallona. Ya ce, "Hajiya, ciwo kika ji a hannun?"

Na ce ba ni ba ce. Na ce, "'Yata ce. Hannu ɗaya gare ta yanzu."

Ban taɓa faɗa ba sai yau, a shagon mutumin da ko sunansa ban sani ba, ana ta kiɗa a shagon kusa. Ga shi kuma na rubuta.

Ya cire tabarau ya goge, ya ja kwalin nawa zuwa bayan kanta, ya turo min ƙaramar. Bai ba ni cikon da ke tsakani ba, ɗan kasuwa dai ɗan kasuwa ne, ban kuma nema ba. Na ce ya sa mata saitin nan na Shif kafin ya rufe, ya kashe wurin linzamin in ana bugu. Ya yi.

Na kawo gida na ajiye a gaban Auta. Ta buɗe, ta ɗora hagu a tsakiyar kibod ɗin, ba a layin da na koya mata ba. Na ja bakina na tsuke.

Talata, da hantsi

Tun asuba take kai. Ta ƙirƙiro nata tsarin, yatsu huɗu a tsakiya, kowanne da unguwarsa. Ba haka ake yi ba, amma layi na cika. Na kai mata shayi na ajiye ta hagu.

Laraba, bayan la'asar

Ta bi labaran rediyo, ta kama biyu cikin uku. Jiya ɗaya ta kama. Kullum ƙaruwa take kamar ana hura ta. Wuyan hannun ya kumbura, na gasa mata da ruwan ɗumi, ta ce in bari haka za ta koma.

Har ta yi min gardama yau, a kan inda za a ajiye fitila. Na faɗi ɗaya ta faɗi uku. Ban taɓa jin daɗin rashin kunya irin na yau ba.

Gobe ne.

Alhamis, da hantsi

Yayansu ya kai ta. Ta ce in zauna a gida, wai in ina wurin za ta riƙa jin idona a kan yatsunta. Na share falo, na sake sharewa.

Alhamis, kafin magariba

Ba ta gama ba. Shafi na ƙarshe ya rage lokacin ya cika.

Ita ta ba da labarin da bakinta, a tsaye, tana cire takalmi. Abin da ta buga babu kuskure ko ɗaya, shugabar da kanta ta duba ta faɗa. Amma ƙa'ida ƙa'ida ce, an riga an yi wa wata alkawarin kujerar in hakan ta faru, ranar Litinin za ta fara. Wai har shugabar ta rako ta bakin ƙofa, ta ce ba ta taɓa ganin mai hannu ɗaya da wannan saurin ba. Ta tambaye ta tun yaushe take koyo a haka, Auta ta ce tun Litinin. Matar ta riƙe baki. Ta ce kash, da ta samu ko sati biyu a kai, da ba wanda ya isa ya taɓa mata kujera.

Yayansu ya juyo ya kalle ni, ya buɗe baki. Auta ta ce, "Yaya, bari." Ya bari.

Ta wuce ta wanke hannu, ta tambaye ni ko akwai sauran abinci, na zuba mata, ta ci, ta ce ya yi daɗi. Shi ma ya ci. Aka yi hirar cunkoson hanya da tsadar mai.

Ina zaune a tsakaninsu ina jira. Har ya tashi tafiya, har ta kwashe kwanukan da hannunta ɗaya ta hana ni tayawa, ba wanda ya tambayi inda sati biyun nan suka tafi. Wallahi da sun tambaya, da sun zage ni ma, da na fi samun sauƙi.